Yadda za ku haɗa taron waƙa da zane a ƙauyenku bayan kaka

Toh masu tambayata yadda muka yi namu a nan gefen Kirikasamma ta jihar Jigawa, ga shi. Da farko dai kar ku kuskura ku sa shi da damina, kowa na gona ba mai sauraronku. Ku bari gero da dawa su shiga rumbu, a sayar da ɗan riɗi aljihu ya ɗan yi nauyi, dama lokacin ne iyayenmu ke kalankuwa. Kuma daidai nan tsuntsaye ke cika fadamar Baturiya, wasu tun daga Turai suke tahowa gudun sanyi, kun ga yara sun samu abin kallo kenan.

Ku fara zuwa gun mai unguwa ya raka ku wajen dagaci, liman ma a je a gaishe shi, ku faɗa musu ƙarara bayan la'asar za a fara a tashi kafin magariba, mata ɓangarensu daban.

Sharaɗi ɗaya muka kafa kuma shi ya gyara mana taron: ba waƙar ɗan siyasa, ba ta soyayya, abin da idonka ya gani a daji kawai. Da farko samari sun yi ta ƙorafi wai me za a ce a kan bishiya, sai ga wani yaro ɗan aji biyu a sakandare ya miƙe da takardarsa duk ta yamutse, hannu na rawa, ya yi baiti biyar a kan gawo, yadda yake kaɗe ganye da damina lokacin da kowa ke ado sannan ya yi kore shar da rani awaki su samu na ci, wallahi sai da dattawa suka sa ya maimaita sau uku. Wata ta yi wa shamuwa tata, mai kawo albishir ɗin ruwa.

Zane kuwa kar ku ɓata kuɗi a fenti. Jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi, a kwaɓa da ɗan ƙaro, a nemi mai katanga ya ba da aro. Mata su fito da zanen ƙwarya da faifai. Wanda ya ce zane baƙon abu ne ya je Birnin Kudu ya ga shanun da mutanen da can suka zana jikin dutse. Amma in wani ya nuna bai son a zana mai rai ban da jayayya, kuka da giginya ma sun isa.

Kiɗa ne inda muka tafka kuskure. Mun ɗauko mai sauti daga gari da manyan sifiku, ya danne mana tsohon mai kukuma gaba ɗaya, ana tsakiyar abu kuma janareta ta mutu, kuɗin mai ya tafi a banza. Bana gangar noma da sarewa da kukuma kawai za mu sa, sai lasifika ɗaya mai caji saboda yara masu ƙaramar murya. Kuma a tanadi randa biyu ta ruwa da tabarmi, mu bara dattawa a kan turmi suka zauna.