Yadda za ka san inda ka tsaya a cikin fayil da Python

Da farko buɗe fayil ɗin: f = open("labari.txt", "rb"). Kar ka manta da "rb" ɗin nan (wato a karanta fayil ɗin bayit-bayit), da shi ne lissafi ke fita daidai.

Karanta abin da kake so, misali f.read(10), sannan ka kira f.tell(). Zai ba ka 10, wato inda ka tsaya. Ajiye lambar: wuri = f.tell().

Amma fa ka lura, bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta) yake ƙirgawa, ba haruffa ba. A tsarin UTF-8 (hanyar ajiye haruffa a kwamfuta), ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci, shi ya sa kalmar "ƙasa" za ta ba ka 5 maimakon 4. Wannan ya taɓa cinye mini yini guda kafin na gano.

In za ka koma inda ka tsaya, sai f.seek(wuri). Komawa farko kuwa, f.seek(0).