Yadda Ake Rataye Zane a Zauren Baje Koli

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, a jingine zanukan da bango, a ja da baya a ga wanne ya dace kusa da wanne. Tsakiyar kowane zane ta kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai kallo. Yawanci sama ake kaiwa, mutane su yi ta ɗaga wuya.

Babban firam ƙusa biyu yake so, da ɗaya karkacewa zai yi. Bangon siminti kuwa a huda shi a ɗaura sukuru, don guduma ɓare filasta take yi. Kada rana ta riƙa dukan zanen takarda, launinsa koɗewa yake.

Ranar buɗewa, teburin zoɓo da shayi ya yi nesa da bango.