Yadda Ake Auna Ƙarfin Ƙasa a Harkar Ƙera Inji

Kafin ka ce ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza, fara da raba aji. Injin mota, injin jirgin ruwa, injin jirgin sama da injin roka kowanne da hanyarsa. Japan ta yi zarra a injin mota, amma a babban injin jirgin fasinja kamfanoninta irin su IHI sassa suke ƙerawa, ba su ne masu injin ba. Idan ka cuɗa azuzuwan, lissafin ya lalace tun daga tushe.

Bayan haka, kowane inji ka yi masa tambaya uku: wa ya zana shi, wa ya ƙera sassansa, wa ya haɗa shi? A nan mutane suka fi ruɗewa. Yawancin manyan injunan jiragen dakon kaya na ruwa a Koriya ta Kudu, Sin da Japan ake ƙera su, amma da lasisin kamfanin MAN (wanda ya koma suna Everllence a 2025) ko na WinGD, waɗanda ofisoshin zanensu ke Denmak da Suwizalan. Haka jirgin C919 na Sin, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023: injinsa LEAP-1C ne na CFM, haɗin gwiwar GE ta Amurka da Safran ta Faransa tun 1974. Tutar da ke jikin jirgi ba ta faɗa maka komai game da injinsa.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne sashen zafi, wato farfelar da ke bayan ɗakin ƙona mai a injin jet. Iskar da ke dukan fikafikan wannan farfela kan haura digiri 1,500 a ma'aunin salshiyos, alhali ƙarfen nikel ɗin da aka yi su da shi yana fara narkewa a wajen 1,300 da ɗoriya. Dabara uku ce ke hana su zuba. Ana zubin kowane fiffike a matsayin ƙwaya ɗaya tak, ba gaɓa a cikinsa, domin a gaɓa ƙarfe ke fara miƙewa ya tsage. Ana barin hanyoyin iska a cikinsa da ƙananan huji a jikinsa, iska mai ɗan sanyi ta fito ta lulluɓe shi. Sannan a shafe shi da siririn rufi na yumɓu mai tare zafi. Sau da yawa akan sa riniyom, wani ƙarfe mai wuyar samu, kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari a haɗin ƙarfen. To ka bincika: ƙasar da kake aunawa ita ke zubin wannan fiffike, ko sayowa take yi? Kuma cikin ɗari da ta zuba, nawa ke tsallake gwaji? Ƙasar da ta iya yin guda goma a ɗakin bincike ba ta kai ga masana'anta ba tukuna.

Kada roka ta yaudare ka. Injin roka aikin mintuna yake yi, na jirgin fasinja kuwa ana so ya yi dubban awoyi a jikin fiffiken jirgi kafin a sauke shi. Indiya ta sauke na'ura a duniyar wata a 2023, amma injinta na jet, Kaveri, da aka fara tun shekarun 1980, bai kai ƙarfin da ake nema ba, aka raba shi da jirgin yaƙinta Tejas a 2008. Injin F404 na GE ne ke ɗaga Tejas.

Don haka ƙarfin da aka rubuta a takardar baje koli shi ne adadi mafi arha. Nemi awoyin aiki tsakanin saukewa da saukewa, da yawan man da inji ke sha kan kowane ma'aunin ƙarfi, da ko hukumar kula da sufurin sama ta Amurka (FAA) ko ta Turai (EASA) ta ba shi takardar shaida. Akwai injunan CFM56 da suka haura awa 40,000 ba a taɓa sauke su ba. Da irin wannan za ka gwada.

Sai daidaiton ƙira, wanda ko manya yana kayar da su. A 2023 Pratt & Whitney ta gano gurɓata a garin ƙarfen da take yin wasu fayafayan injin PW1100G da shi, ɗaruruwan jiragen A320neo suka koma zaman jiran duba. Ba zanen ne ya gaza ba, datti ne ƙanƙani a cikin gari.

Daga ƙarshe leƙa bayan fage. Wa ke ƙera na'urorin sassaƙa ƙarfe masu juyi ta fuska biyar? Wa ke yin boris, wa ke yin nozul, wato bakin fesa mai? Nozul ɗin dizal na zamani yana fesa mai da matsin da ya kai 2,000 ko fiye a ma'aunin bar, ta hujin da bai fi kaurin gashi da yawa ba, kuma kamfanoni kaɗan ne irin su Bosch da Denso ke riƙe da kasuwar. Ka ja layi a takarda, kowane sashe ka rubuta "na gida", "da lasisi" ko "daga waje", sannan ka sa alama a kan waɗanda idan aka hana ƙasar sayensu, layin haɗa injin zai tsaya.