Yadda ake tsara littafin hotuna na yara kan farfaɗowar unguwa bayan mahaukaciyar guguwa

Yaron da ya kwana yana jin iska tana yaye rufin gidansu ya riga ya san ƙarfin guguwa. Tambayar da ke ransa ita ce: da gari ya waye, wa ya zo, kuma me aka yi? A kan wannan tambaya ake gina littafin. Marubuta da yawa kan ƙarar da rabin shafukansu wajen zana iska da tsawa, su bar shafi biyu kacal ga gyara, sai yaro ya rufe littafi da tsoron da ya buɗe shi da shi.

Fara da sanin irin ɓarnar

A yankin tekun Atlantika, guguwar teku tana samun sunan hariken idan gudun iskarta ya kai kilomita 119 a sa'a, ana kuma auna ta daga mataki na 1 zuwa na 5. Sai dai kowace da irin tabon da take bari, kuma tabon ne za ka zana. Guguwar Katrina, a watan Agusta na 2005, ta bar wa birnin New Orleans na Amurka ruwa: katangun da ke tare ruwa sun fashe, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Hoton wannan shi ne layin laka a jikin bango da kayan ɗaki jibge a bakin titi. Guguwar Maria, ranar 20 ga Satumba 2017, ta bar wa tsibirin Puerto Rico duhu, har wasu yankuna suka yi kusan shekara babu lantarki, gidaje kuma suka sha shuɗin tamfol a madadin rufi. Idai kuwa, a Maris na 2019, ta haɗa wa Beira ta Mozambik iska da ambaliya.

Zaɓi wuri ɗaya da ɓarna ɗaya. Nemi waɗanda abin ya shafa ka tambaye su ƙananan abubuwa: me suka fara nema da safe, ina aka sami ruwan sha, wane wari ne ya daɗe a ɗaki. Kada ka kwafi abin da ba ka san ma'anarsa ba. Alamar X da masu ceto suka fesa a gidajen New Orleans, alal misali, ɓangarenta na ƙasa yana nuna adadin mutanen da aka samu a ciki, da rai ko a mace. Iyayen da suka san wannan za su karanta lambar tun kafin su karanta rubutunka.

Rabon shafuka

Littafin hotuna na 'yan shekara 4 zuwa 8 yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe takarda a maɗaba'a. Ɗauki farar takarda 8, ka ninka su biyu, ka ɗinke tsakiya: ka sami samfurin da za ka yi gwaji a kai. Idan ka cire shafin suna, na haƙƙin mallaka da na bayani ga iyaye, za a bar maka kusan buɗi 14, wato shafi biyu masu fuskantar juna sau 14. Raba su haka: 2 na nuna unguwa kafin guguwa, 1 na shiri, 2 na guguwar, 1 na wayewar gari, 6 na aiki, 2 na ƙarshe.

Buɗi biyun farko suna da nauyi fiye da yadda ake zato. Duk wanda zai taimaka daga baya, a nan ya kamata a fara ganinsa yana harkarsa: kafinta a bakin shagonsa, tsohuwa tana ba shuka ruwa, maƙwabcin da ba ya gaisawa da kowa. Idan masu taimako suka faɗo daga sama a shafi na 20, yaro zai ɗauka ceto daga baƙi kaɗai yake zuwa.

A buɗin guguwa, a bar hannun babba a cikin kowane hoto, ko da a gefe ne, yana riƙe da fitila ko kafaɗar yaro. Buɗin wayewar gari kuma a bar shi babu ko kalma ɗaya. Yara kan tsaya a nan su yi ta nuni da yatsa, kuma a nan wanda abin ya taɓa samu yakan fara magana.

A ba yaron aiki na gaske

Nan ne zuciyar littafin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to sai a ga hannun jarumin cikin masu ɗauka, da aikin da ya dace da shekarunsa: shanya jiƙaƙƙun littattafan makaranta a rana shafi-shafi, kai wa tsohuwa kwanon abinci, haska wa kafinta tocila, neman mai ɗan karen da ya ɓata. Aiki ɗaya ya isa, a bi shi daga fari har ƙarshe. A nuna manya ma suna karɓar taimako: wanda ya ba da guduma a wannan shafi, a gan shi yana karɓar ruwa a na gaba. Kada a mai da yaro gwarzon da ya ceci gari shi kaɗai. Yaron da ya ɓuya ƙarƙashin gado a daren gaske zai ji kamar ya gaza.

Yara suna kwaikwayon hoto fiye da rubutu, saboda haka akwai abubuwan da ba a zanawa kamar ba komai: yaro yana wasa cikin ruwan ambaliya, ko kusa da wayar lantarki da ta faɗi, ko janareta a cikin ɗaki, wanda hayaƙinsa ke kashe mutane bayan guguwa ta wuce. Idan ka nuna lafawar iska lokacin da tsakiyar guguwa ke wucewa, bar iyalin a cikin gida, domin iskar tana dawowa ta ɗaya ɓangaren.

Rubutu da bugu

Kalmomi kada su wuce 500, kimanin 35 a kowane buɗi. Abin da hoto ya nuna, kada baki ya maimaita. Jimla ɗaya da ke dawowa, kamar ƙwanƙwasa ƙofa da tambayar “Lafiya kuka kwana?”, tana ba yara abin da za su amsa tare da mai karatu.

A aika wa maɗaba'a zane da ƙarfin 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci, ma'aunin kyan fitar hoto) cikin tsarin launi na CMYK, wato tawada huɗu da ake bugu da su, a ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Launi mai duhu yakan ƙara duhu a takarda fiye da yadda yake a allon kwamfuta, don haka a nemi bugun gwaji na shafukan dare. Kada fuska ko rubutu su faɗa tsakiyar buɗi, ɗinki zai haɗiye su.

Ƙarshen labari

Kada komai ya koma yadda yake. Wani maƙwabci ya ƙaura, babbar bishiya ta zama kututture, gida ɗaya har yanzu da tamfol. Yaron da gidansu bai gama gyaruwa ba yana buƙatar ganin kansa a shafin ƙarshe. Kafin bugu, karanta samfurin da murya ga yara uku ko huɗu a gaban iyayensu. Inda suka yi saurin juya shafi, rage rubutu. Inda wani ya rufe ido ko ya tashi, sassauta hoton, ko ka matso da babban kusa da yaron.