Yadda na gyara firjin da ke cinye min katin wuta

Alhamdu lillahi, na gano abin da ke shanye min yunit, kuma na gode wa mai gyaran da ya nuna min dabarar takarda.

Injin firjina ya daina hutawa, dare da rana yana gurnani, ga ƙanƙara ta taru a firiza. Injin da ke jan wat 120, in bai tsaya ba, yana cin kusan yunit 3 a kwana. Kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka ware wa wutar aƙalla awa 20 a kwana, ya kai naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, don haka wannan ba ƙaramar asara ba ce. Na zargi mita, aka ce lafiya take. Wani ya ce a ƙara gas, ashe ba shi ba ne.

Robar ƙofa ce ta saki. Na sa takarda na rufe ƙofar a kanta, na ja, ta zare ba wata turjiya, musamman a kusurwar ƙasa. Sai na kashe firjin har ƙanƙarar ta narke. Na ciro robar, na wanke da sabulu, na jiƙa ta a ruwan zafi har ta yi laushi, na mayar. Yanzu takardar tana kamawa ta ko'ina.

Daga nan na share ƙurar ƙarafunan baya da burushi, na janyo firjin kamar santimita 10 daga bango. Maɓallin sanyi na dawo da shi daga lamba 7 zuwa lamba 3, domin sanyin digiri 4 a cikin firji ya wadatar da abinci. Yanzu injin yana ɗaukewa da kansa, ya huta, sannan ya tashi.