Yadda na gyara mabuɗin kwalbar inabi mai hannu

Mabuɗin da muke aiki da shi a gidan abincinmu ya daina zaro matoshi. Ka danna hannun ƙasa, ka ɗago, murɗaɗɗen ƙarfen ya fito, matoshi na nan daram.

Da na duba, ashe baƙin rufin Teflon na jikin ƙarfen, wato shafen da ke sa shi santsi, shi ne ya goge. Matoshin roba ke cinye shi, ya fi na ɓawon itace tauri nesa ba kusa ba. Na kwance ƙarfen na sa sabo, tunda ana sayar da shi daban, na ɗiga man keken ɗinki a mahaɗar hannun.

Yanzu sai an yanke ledar bakin kwalba kafin a soka, kuma mabuɗin ba ya shiga ruwan wanke-wanke. Tsumma mai danshi ya ishe shi.