Yadda za ka karanta shall da may a takardar doka ba tare da ka ruɗe ba

Kwanaki wani maƙwabcina a unguwar Pantami da ke Gombe ya kawo min takardar hayar shago wai in duba masa kafin ya sa hannu, yana ta murna cewa ai an rubuta zai biya kuɗin haya ne nan gaba, babu matsi. Na duba na ga kalmar shall ce a wurin, kuma ga rana an yanke. Nace masa ɗan uwa wannan ba "zan biya" ba ce, dole ce aka ɗora maka. Tun daga firamare aka koya mana shall da will duk "za a yi" suke nufi, toh a bakin lauya da gwamnati abin ba haka yake ba, kuma wallahi mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa rami.

Hanyar da tafi min sauƙi ita ce ka ɗauko karatun fiƙihun da ka yi a islamiyya ka ɗora a kai. Shall da must wajibi ne. May ja'izi ne, an baka dama, in ka ga dama ka yi in ka ga dama ka bari. Shall not haramun ne. Should kuma kamar mustahabbi, anfi so ka yi amma yawanci shawara ce, shi yasa zaka fi ganinta a sakula da takardun jagora.

Da takarda ta shigo hannunka ka samu biro ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ka ga waɗannan kalmomin, sannan ka duba sunan wa ke gabanta, domin yawanci wanda aka ambata kafin shall shi ne aka ɗora wa nauyin, amma in cewa aka yi shall a yi masa wani abu, toh haƙƙi aka bashi, nauyin yana kan wani. Misali kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 35 yace duk wanda aka kama shall a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da yaren da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar da bata wuce kilomita 40 ba. Wannan ba alfarma bace da ɗan sanda zai maka, haƙƙinka ne. Amma ka je sashe na 212 inda ake maganar gwamna ya yi wa fursuna afuwa, may aka sa, kenan ko dangi sun yi ta safa da marwa zuwa gidan gwamnati babu wanda zai tilasta masa.

Inda nafi so ka natsu shi ne abin da ke biyo bayan shall ɗin, don a nan ake ɓoye ƙofar fita. Sashe na 18 yace gwamnati shall ta samar da ilimi kyauta, har da na jami'a ma, sai dai an maƙala masa as and when practicable, wato a lokacin da hali ya yi, kuma sashen yana cikin babi na 2 wanda sashe na 6 ya hana kotu ta tuhumi gwamnati a kansa. Gaskiya wannan abin yana min ciwo duk sanda na ga yara suna yawo a unguwar Jekadafari lokacin makaranta. Haka in ka ga subject to, ka tsaya ka nemo wancan sashen da aka jingina maganar da shi, watakila ya cinye rabin abin da aka baka.

May not ma tana ruɗa mutane, a hira tana nufin "ƙila ba", a doka kuwa hani ce. Masu sayen fili kuma ku riƙe wannan, dokar amfani da ƙasa ta 1978 sashe na 22 cewa tayi it shall not be lawful, wato bai halatta ba, mai takardar mallaka ta gwamna ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar gwamna ba, ko da kun yi shaidu goma a gaban mai unguwa.

Will kuma a jawabin kasafi da kamfen alƙawari ne kawai. A Amurka ma shall ta dami lauyoyi har a 2007 suka sake rubuta ƙa'idojin shari'o'in da ba na laifi ba na kotunan tarayya suka mayar da mafi yawanta must. Mu a nan kotuna kan kalli manufar dokar gaba ɗaya, wani lokaci su ce wata may ɗin dole ce, don haka in maganar fili ce ko aiki ko kuɗi mai yawa, ka ɗauki takardar da layukan da ka ja ka kai wa lauya kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.